Habeas corpus: tambayoyi da amsoshi kan kalmomi biyun da gandiroba ba ya son ji

Mai bin labaran kotu a jaridun Turanci ya sha cin karo da habeas corpus, musamman in an kama wani babba an rasa inda aka kai shi. Lauyoyi na furta ta kamar kowa ya san ma'anarta, alhali ko Baturen Ingila sai an fassara masa, domin ba Turanci ba ce. Latin ce, harshen Romawan dā, kuma ta haura shekara 700 tana yawo a takardun kotunan Ingila. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mece ce ma'anar habeas corpus, kalma da kalma?

Corpus na nufin jiki. Habeas kuwa daga aikatau habere ta fito, wato riƙewa ko kasancewa da abu a hannu. Amma ba a siffar ba da labari take ba, a siffar umarni take, irin wadda Bahaushe ke amfani da ita in ya ce "na umarce ka ka zo da shi". Wannan "ka" ta biyu, ita ce daidai da ƙarshen kalmar habeas. Saboda haka ma'anar ita ce: ka zo da jikin, ka gabatar da mutumin shi da kansa.

A nan Hausa ta fi Turanci sauƙin ɗaukar maganar. Masu fassarawa zuwa Turanci kan yi ta kame-kame, har wasu su mayar da ita labari, kamar ana cewa "kana da jikin". Ba haka ba ne. Ba a gaya wa kowa abin da yake da shi, oda ake ba shi.

Wa ake ba odar?

Wanda ke tsare da mutumin: shugaban gidan yari, ko babban ɗan sanda, ko kwamandan barikin soja. Kalmomin biyu guntu ne da aka yanko daga tsakiyar wata doguwar jimla da ake rubutawa a takardar umarnin sarkin Ingila. Abin da takardar ke cewa, a taƙaice, shi ne: muna umartarka ka zo gabanmu da jikin wane, wanda aka ce yana tsare a hannunka, tare da ranar da aka kama shi da dalilin kamun, domin ya karɓi duk abin da kotunmu ta yanke a kansa.

Cikakken sunan wannan takarda habeas corpus ad subjiciendum, wato a zo da shi domin a bincika lamarinsa. Tana da 'yan'uwa da ba su kai ta suna ba. Akwai ad testificandum, wadda ake fito da fursuna da ita don ya ba da shaida a wata shari'a, akwai ad prosequendum, don a gurfanar da shi a wata kotun. In dai an ce habeas corpus kawai ba ƙari, ta farkon ake nufi.

Abu biyu takardar ke nema, kuma kowannensu na da hikima. Na farko mutumin, domin gani ya kori ji: alƙali ya gan shi da idonsa, ya tabbatar yana raye, ya ga ko an lakaɗa masa duka, ya ji ta bakinsa. Na biyu dalili a rubuce, domin dalilin da aka rubuta ana iya auna shi da doka, wanda aka riƙe a ciki kuwa ba a iyawa.

Ashe ba gawa ake nufi ba?

A'a. Ruɗanin ya zo ne ta hanya biyu. Kalmar Turanci ta gawa, corpse, jikar corpus ce, haka ma corps da ke cikin sunan hukumar masu bautar ƙasa da ta kiyaye haɗurra. Sannan akwai wata jimlar lauyoyi, corpus delicti, wadda mutane ke ɗauka gawar wanda aka kashe take nufi, alhali ma'anarta gangar jikin laifin, wato hujjar cewa an aikata laifi tun kafin a zo kan wa ya aikata. Habeas corpus ba ruwanta da wannan. Rayayye take nema.

Yaya ake furta ta?

A kotunan da ke aiki da Turanci za ka ji kamar "hebiyas kofas". Malamin Latin zai ce "habeyas korpus". Wanda duk ka ɗauka, lauya zai gane.

Romawa ne suka ƙirƙiro ta, tunda da harshensu take?

Harshen nasu ne, abin ba nasu ba ne. Dokar Romawa na da wani umarni mai kama da ita, de homine libero exhibendo, wanda ke tilasta wa wanda ya ɓoye ɗa, wato wanda ba bawa ba, ya fito da shi fili. Yana nan cikin kundin dokokin da sarki Justinian ya sa aka tattara a ƙarni na 6. Amma habeas corpus ɗin da ake magana a kai yau a kotunan sarakunan Ingila ta tsiro, ɗaruruwan shekaru bayan rushewar daular Roma ta yamma. Latin ɗinta na magatakardan tsakiyar zamani ne, ba na Kaisar ba.

To me ya kai Turawan Ingila rubuta takardun kotu da Latin, kuma me ya hana su fassarawa?

Latin shi ne harshen rubutu da addini da ilimi a yammacin Turai na lokacin, kamar yadda Larabci ya kasance harshen alƙalai da wasiƙun sarakuna a ƙasar Hausa da Borno, ana magana da harshen gida ana rubutawa da na littafi. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, harsuna uku suka raba aiki: talakawa na Turanci, lauyoyi na muhawara da wani irin Faransanci, magatakarda na rubutu da Latin. A 1362 aka yi doka cewa a riƙa muhawara da Turanci, amma rubutun ya ci gaba da Latin.

Sai a 1730 majalisa ta yi dokar da ta ce komai na kotu ya koma Turanci. Abin dariya ya biyo baya. Da aka gwada fassara sunayen takardu irin su habeas corpus da nisi prius da fieri facias, sai suka fito ba kan gado. Masanin shari'ar nan William Blackstone ya rubuta cewa waɗannan sunaye ba sa iya sa rigar Turanci ba tare da sun zama abin dariya ba. Cikin shekara biyu aka sake wata dokar da ta yarda kalmomin sana'ar lauyoyi su zauna yadda suke. Dalilin da ya sa har yau lauya a Kano ko Kumasi ke furta Latin ke nan, ba tsafi ba ne ba kuma burga kaɗai ba, ko da yake burgar ma ba a rasa ta.

An ce daga Magna Carta ta samo asali. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya. Magna Carta ita ce yarjejeniyar da manyan hakiman Ingila suka tilasta wa sarki John ya amince da ita a Runnymede a 1215. Sashe na 39 ya ce ba za a kama ɗa ko a ɗaure shi ko a kore shi daga ƙasa ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Magana ce mai nauyi, amma ko sau ɗaya takardar ba ta ambaci habeas corpus ba, ba ta kuma faɗi yadda wanda aka zalunta zai fito ba.

Habeas corpus ta farko ma ba don 'yancin kowa aka yi ta ba. Hanya ce ta jawo mutane gaban alƙalan sarki, ko suna so ko ba sa so. Ingila na cike da masu iko da ke da kurkukunsu: hakimai, kotunan coci, hukumomin birane, ƙananan alƙalai. Sarki na kishin ikonsa, yana ganin duk talakan ƙasar nasa ne, don haka wanda ya kulle masa mutum dole ya zo ya yi bayani. Tambayar asali ba "me ya sa aka zalunci wannan bawan Allah?" ba ce. Ita ce "wa ya ba ka izinin taɓa mutumin sarki?" Lauyoyin ƙarni na 17 ne suka ɗaura wa Magna Carta da habeas corpus aure, suka ce waccan ta yi alkawari, wannan ce ke cika shi.

A ganina wannan asali ya fi tatsuniyar armashi. Abin da aka ƙera don ƙarfafa ikon sarki, shi aka wayi gari ana nuna wa sarkin.

Yaushe ta juya ta zama haka?

A ƙarni na 17, cikin rigimar sarakunan gidan Stuart da majalisa. A 1627 sarki Charles na I ya matsa wa attajirai su ba shi rancen dole don yaƙi. Waɗanda suka ƙi ya sa aka kulle. Biyar daga cikinsu, ciki har da Thomas Darnel, suka nemi habeas corpus. Da aka tambayi dalilin tsare su, amsar da ta dawo ita ce: bisa umarni na musamman daga sarki. Shi ke nan, ba laifi ba tuhuma. Alƙalai suka mayar da su kurkuku.

Majalisa ta ga in "sarki ya ce" ya isa dalili, to takardar ta zama banza. A 1628 ta sa sarkin ya amince da wata takardar koke da ta haramta ɗaure mutum ba tare da bayyana dalili ba. A 1641 ta rushe kotun Star Chamber, wadda sarki ke amfani da ita kan abokan adawa, ta kuma ce ko sarki ko majalisar fadawansa ne suka sa a tsare mutum, yana da haƙƙin habeas corpus.

A 1670 aka yi shari'ar da ta nuna nisan da abin ya kai. An gurfanar da William Penn da William Mead a Landan saboda wa'azi a kan titi. Mutum goma sha biyun da aka zaɓo daga jama'a don yanke hukunci suka ƙi cewa suna da laifi. Alƙali ya kulle su ba ci ba sha, suka tsaya kan bakarsu, ya ci su tara. Ɗayansu, Edward Bushel, ya ƙi biya, aka kai shi gidan yari. Habeas corpus ce ta fito da shi, Mai shari'a John Vaughan ya ce ba a hukunta irin waɗannan mutane saboda hukuncin da suka yanke.

Masu mulki kuma suka koyi dabaru. A ƙi amsa takardar farko da ta biyu, a riƙa sauya wa fursuna kurkuku, a jira lokacin hutun kotu, ko a tura shi wani tsibiri inda ake ganin takardar ba ta kaiwa. Cikin tuhumar da majalisa ta yi wa babban wazirin sarki, Clarendon, a 1667, har da tura mutane tsibirai masu nisa don kada doka ta cim musu.

Dokar Habeas Corpus ta 1679, zamanin Charles na II, waɗannan ramuka ta zo toshewa, kuma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ba ta yi dogon wa'azi kan 'yanci ba, ta yi maganar kwanaki da kuɗi. In kurkukun bai wuce mil 20 daga kotu ba, a kawo mutum cikin kwana 3. In bai wuce mil 100 ba, kwana 10. In ya wuce, kwana 20. Gandiroban da ya saɓa, tarar fam 100 a karon farko, fam 200 da rasa aiki a karo na biyu. Alƙalin da ya ƙi ba da takardar lokacin hutu ba bisa ƙa'ida ba, fam 500, kuma wanda aka zalunta ake biya. Aka haramta tura fursuna Sikotilan ko Ailan ko tsibiran Jersey da Guernsey ko Tanja ta Maroko, wadda ke hannun Ingila a lokacin.

Da gaske ne da maguɗin ƙuri'a aka zartar da dokar?

Labari ne da limamin coci kuma marubucin tarihi Gilbert Burnet ya bayar. Ya ce da ake ƙidaya ƙuri'a a majalisar manyan sarauta, wani mai ƙiba ƙwarai ya zo wucewa, sai mai ƙidayar ɓangaren masu goyon baya ya lissafa shi a matsayin mutum goma don raha. Da ya ga abokin ƙidayarsa bai lura ba, ya bar abin a haka. Masu son labarin kan kafa hujja da cewa an rubuta ƙuri'u 57 da 55, jimla 112, alhali rajistar zaman ta nuna mutum 107. Masana tarihi da dama na ɗaukarsa almara, domin rajistar ba kullum take cika ba. A dai riƙe shi a matsayin labarin da ake bayarwa.

Wace shari'a ce ta fi fito da sunanta?

Ta James Somerset, ɗan Afirka da aka sayar bawa a Amurka. Ubangidansa Charles Stewart, jami'in kwastan, ya zo da shi Ingila a 1769. A 1771 ya gudu, aka kamo shi, aka sa shi a mari cikin jirgin ruwa mai suna Ann and Mary da ke shirin tafiya Jamaika, inda za a sayar da shi. Mutum uku da suka tsaya masa lokacin da ya shiga addinin Kirista suka nemi habeas corpus a madadinsa. Aka umarci kyaftin ɗin jirgin ya zo da shi.

Ranar 22 ga Yuni 1772 Mai shari'a Mansfield ya yanke cewa bauta abu ne mai muni da ba abin da zai halatta shi sai doka rubutacciya, Ingila kuwa ba ta da irinta, don haka a sake shi. Hukuncin ƙunci gare shi: ya hana fitar da bawa daga Ingila da ƙarfi, bai 'yanta bayin Jamaika ko na Amurka ba. Cinikin bayi sai 1807 Birtaniya ta haramta, bautar kanta a yawancin ƙasashen da take mallaka sai dokar 1833. Duk da haka a lura da abu guda: mutumin da ake lissafawa cikin kaya, takardar ta kira shi jikin da dole a kawo gaban alƙali a yi bayani.

Sai gwamnati kaɗai ake yi wa?

A'a, duk wanda ya kulle wani. Kyaftin ɗin jirgin Somerset ba ma'aikacin gwamnati ba ne. A 1891 wani Bature, Edmund Jackson, ya sace matarsa da ta ƙi zama da shi ya kulle ta a gida, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce miji ba shi da wannan iko, ta sa aka sake ta. An yi amfani da ita kan gidajen mahaukata da rigimar riƙon yara. A ƙa'ida, asibitin da ya hana majiyyaci fita saboda bashi, ko gidan marin da ke riƙe da baligi ba da yardarsa ba, duk suna cikin waɗanda kotu ke iya cewa su zo da mutum su faɗi dalili.

In kotu ta amsa roƙon, an wanke mutum ke nan?

A'a, kuma nan ne 'yan'uwan wanda aka tsare suka fi shan mamaki. Habeas corpus ba ta tambayar ko ya yi laifin ko bai yi ba. Tambayarta guda: tsarewar nan bisa doka take? In mai tsarewa ya nuna sahihin umarnin kotu, alƙali zai mayar da mutumin inda ya fito, ko da kowa na ganin ba shi da laifi. In ya kasa, alƙali na iya sakinsa, ko ya ba da belinsa, ko ya ce a gurfanar da shi cikin kwana kaza. Ɓarawon da aka kama da kaya a hannu na iya cin nasara in an ajiye shi wata uku ba a kai shi kotu ba, gobe kuma a kama shi yadda doka ta tsara a yi masa shari'a. Ba ta zama madadin ɗaukaka ƙara ba.

Muhimmin abin shi ne inda nauyin hujja yake. Ba fursuna ne zai tabbatar ya cancanci 'yanci ba, mai riƙe da makulli ne zai tabbatar yana da izini.

Gwamnati na iya dakatar da ita?

Tana iyawa, kuma da yawa cikin ƙasashen da ke alfahari da ita sun taɓa yi. Birtaniya ta dakatar da ita a 1794 don tsoron juyin juya halin Faransa ya tsallako, ta sake a 1817. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ambace ta da sunanta, ya ce ba za a dakatar da ita ba sai in an yi tawaye ko mamaya kuma tsaron jama'a ya buƙaci haka.

Abin da kundin bai fayyace ba shi ne wa ke da ikon dakatarwar. A Afrilun 1861, farkon yaƙin basasar Amurka, shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya dakatar da ita a kan hanyar Filadelfiya zuwa Washinton ba tare da majalisa ba. Sojoji suka kama John Merryman a jihar Maryland bisa zargin lalata gadojin jirgin ƙasa, suka kai shi sansanin McHenry. Alƙalin alƙalai Roger Taney ya ba da takardar, kwamandan sansanin ya ƙi, aka hana ɗan saƙon kotu shiga ƙofa. Taney ya rubuta cewa majalisa ce kaɗai ke da wannan iko. Lincoln ya amsa a gaban majalisa da tambaya: a bar duk dokoki su rushe, gwamnati ta wargaje, don kada a karya guda ɗaya? Sai a 1863 majalisar ta ba shi izini. Taney ɗin nan kuwa shi ne ya yanke a 1857 cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasar Amurka ba. Mai gaskiya a wata shari'a ba lallai ya zama mutumin kirki ba.

A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta firaminista Indira Gandhi, kotun ƙoli ta yanke a 1976 cewa wanda aka tsare ba shi da damar neman habeas corpus. Alƙalai huɗu suka yarda, H. R. Khanna kaɗai ya ƙi. Da lokacin naɗa alƙalin alƙalai ya zo aka tsallake shi, ya ajiye aiki. A 2017 kotun ta janye wancan hukunci.

Dabarar tsibiri ma ba ta mutu ba. A 2002 Amurka ta buɗe kurkukun Guantanamo a Kyuba, da hujjar cewa wurin ba ƙasarta ba ne, don haka kotunanta ba su da hurumi. A 2008, a ƙarar Lakhdar Boumediene, haifaffen Aljeriya da aka kamo daga Bosniya, kotun ƙoli ta yanke da rinjayen 5 da 4 cewa fursunonin na da haƙƙin habeas corpus. An sake shi a 2009 bayan shekara bakwai a tsare.

Ta yaya ta iso Najeriya?

Cikin kayan Turawan mulkin mallaka, tare da sauran dokokin Ingila da aka shigo da su Legas daga 1863. Ba don 'yan ƙasa aka kawo ta ba, kuma kotunan Landan ba kullum suke tsaya wa ɗan Afirka ba: a 1910 sun ƙi sakin Sekgoma, wani sarki a ƙasar da ake kira Botsuwana yanzu. Amma Legas ta ba da shari'ar da har yau ake karantarwa a makarantun lauyoyi na ƙasashe da yawa.

A 1925 gwamnatin mulkin mallaka ta tuɓe Eshugbayi Eleko, sarkin Legas, ta kore shi zuwa Oyo. Magoya bayansa, da Herbert Macaulay a gaba, suka nemi habeas corpus. Kotunan Legas suka yi ta kaucewa, maganar ta je kotun ƙoli ta daular a Landan har sau biyu, a 1928 da 1931. A karo na biyu Mai shari'a Atkin ya ce ba wani jami'in gwamnati da zai taɓa 'yancin mutum ko dukiyarsa sai in zai iya kare halaccin abin da ya yi a gaban kotu, kuma gwamna ba ya fi ƙarfin wannan. A shekarar Gwamna Donald Cameron ya bar Eleko ya koma gida.

Al'adar tuɓe sarki a kai shi wani gari a tsare ta daɗe bayan tafiyar Turawa. A Maris 2020, da aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II aka kai shi Awe a jihar Nasarawa, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi cikin 'yan kwanaki, a Nuwamban 2021 kuma ta yanke cewa korar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam aka shigar, amma tambayar Eleko ce aka sake yi.

Zamanin soja fa?

Doka ta 2 ta 1984, zamanin Janar Buhari, ta ba da ikon tsare mutum wata uku ba shari'a, a kuma sabunta, ta toshe wa kotuna hanyar bincike. Gwamnatocin da suka biyo baya suka gaje ta. A 1994 gwamnatin Janar Abacha ta yi Doka ta 14, wadda ta hana kotu ba da umarnin a kawo wanda aka tsare ƙarƙashin Doka ta 2. An soke ta 14 a 1996, ta 2 kuwa sai a Mayun 1999, daf da Janar Abdulsalami zai miƙa mulki.

Ba sojoji kaɗai ba. A Ghana, gwamnatin farar hula ta Kwame Nkrumah ta yi dokar tsare mutane ta 1958. Baffour Osei Akoto, kakakin sarkin Asante, da mutum bakwai suka nemi habeas corpus, kotun ƙoli ta ƙi a 1961. Lauyansu J. B. Danquah, shi ma dokar ta ci shi, ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965.

In an tsare ɗan'uwana a Najeriya yau, me doka ta ce?

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Akwai togaciya ga wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wanda aka tsare ba bisa doka ba na da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Sashe na 46 ya buɗe ƙofar Babbar Kotu. Yawancin lauyoyi yanzu ta ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 suke bi, waɗanda aka fitar zamanin Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi. Tunda wanda ke kulle ba zai iya zuwa ya yi rantsuwa ba, ɗan'uwa ko wanda ya san zancen na iya yin takardar rantsuwa a madadinsa, kamar yadda aka yi wa Somerset. Abin da lauya zai fara tambayarka: yaushe aka kama shi, su wa suka kama shi, ina aka gan shi na ƙarshe, wa ya gani. A rubuta waɗannan tun ranar farko. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke jiharsa.

Matsalar da aka fi fuskanta biyu ce. Ko dai a garzaya kotun majistare a karɓo takardar ajiya, tsarewar ta samu rigar doka, ko kuma a ƙi bin umarnin kotu ƙiri-ƙiri. Maganin na biyun a takarda shi ne tuhumar raina kotu, ta hanyar fom na 48 da na 49, wadda ke iya kai jami'i gidan yari. A aikace, wanda zai kamo jami'in sau da yawa yaronsa ne.

Nijar da Chadi da Kamaru fa?

Nijar da Chadi tsarin shari'ar Faransa suka gada, wanda bai san takardar da wannan suna ba. Can ana bi ne ta iyakance kwanakin da 'yan sanda ko jandarmomi za su riƙe mutum, ƙarƙashin sa idon mai gabatar da ƙara na gwamnati, kafin a kai shi gaban alƙali. Kamaru, da yake ta gaji Faransa da Ingila duka, ta sa habeas corpus da sunanta cikin kundin shari'ar laifuka na 2005. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin farar hula da siyasa, a sashe na 9, ta ba duk wanda aka tsare damar kotu ta duba halaccin tsarewar ba tare da jinkiri ba, ba ta dai kira abin da Latin ba.

Na ji an nema wa dabba. Wasa ne?

Ba wasa ba ne. Tunda takardar jiki ta ce, masu kare haƙƙin dabbobi suka ce giwa ma jiki gare ta. A Yunin 2022 babbar kotun jihar New York ta ƙi roƙon da aka shigar a madadin wata giwa mai suna Happy da ke gidan namun daji na Bronx, alƙalai 5 suka ce takardar ta mutane ce, 2 suka saɓa. A Ajantina kuwa, a 2016, wata alƙaliya a Mendoza ta amsa irin wannan roƙo a madadin wata birinya mai suna Cecilia, aka ɗauke ta daga gidan namun daji aka kai ta wata mafakar birai a Barazil a 2017.